DAGA ZAUREN MALAM: Bitar kwana uku ba ta maye gurbin maigida

A wannan karon za mu ɗan ajiye zancen makaranta da jarrabawa mu leƙa kasuwa. Ba mu yi nisa da gida ba kuwa, domin kuɗin littafi da na takalmin ɗalibi daga kasuwa suke fitowa. Idan jarin uwa ko na uba ya karye, malamin makaranta yana cikin masu fara sani, tun da shi ne ke kiran suna da safe ya ji shiru.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne yawan bitar da ake shirya wa masu ƙananan sana'o'i a garuruwanmu na karkara. Wanda ke zaune a Ejura ko Atebubu ko Yeji ko Kintampo ko Salaga ya san yadda abin yake tafiya. A rataya ƙyalle a ƙofar zauren majalisar gunduma, a tara teloli da masu abinci da masu man kaɗanya da 'yan hatsi, a yi musu lacca kwana biyu ko uku da Turanci, wani yana juyawa da Twi, a raba lemo da kuɗin mota, a ba kowa takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata uku in ka koma shagon, takardar tana nan manne a bango, amma kuɗin ciniki da kuɗin cefane har yanzu aljihu ɗaya suke kwana. Ra'ayinmu, kuma za mu kawo hujja, shi ne lacca ita kaɗai ba ta gyara sana'a. Abin da ke gyara ta shi ne a haɗa mai koyo da wani na gaba da shi a wannan sana'ar, wanda zai riƙa leƙa shi mako-mako har abin ya zame masa jiki. Mu mutanen Zango kuwa bai kamata a zo daga waje a koya mana wannan ba, gama gadonmu ne, sakaci ne ya sa muka bar shi yana lalacewa.

Kafin mu yi nisa, bari mu ba gwamnati da masu tallafi haƙƙinsu, kada a ce mun yi butulci. A shekarar 1981 aka yi dokar kafa hukumar kula da ƙananan masana'antu ta ƙasa, watau NBSSI, ta kama aiki a 1985, kuma ita ce ta buɗe ofisoshin ba 'yan kasuwa shawara waɗanda aka fi sani da BAC. A 1987 aka kafa GRATIS domin koyar da ƙere-ƙere da kai ƙananan injuna jihohi. A 1995 aka soma shirin raya sana'o'in karkara da tallafin asusun IFAD a gundumomi 13 na jihar Ashanti da tsohuwar jihar Brong Ahafo. Zagaye na biyu, daga 2003 zuwa 2012, ya kai gundumomi 66, na uku kuma aka tsara masa 161. A 2020 majalisa ta yi sabuwar doka wadda ta mayar da NBSSI hukumar GEA. Ba a zauna ba ke nan. Mutane da dama ta wannan hanya suka koyi yin sabulu da rini da kiwon zuma da sarrafa rogo, wasu har yau da shi suke ci. Tambayar ita ce, me ya sa aikin hannu ke zama a hannun wanda aka koya wa, amma ilmin tafiyar da kasuwancin, watau lissafi da tsara farashi da riƙon jari, ke zubewa tun a hanyar komawa gida?

Masana tattalin arziki sun yi wannan tambaya, kuma a ƙasar nan tamu suka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu. A 2008 aka zaɓi teloli 160 a Ankara, aka kasa su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka haɗa su da ƙwararrun masu ba da shawara daga wani babban kamfanin akantoci, wasu aka ba su kyautar kuɗi, wasu aka haɗa musu duka biyu, sauran aka bar su yadda suke domin a gwada. Da farko telolin sun karɓi shawara, sun soma rubuta ciniki. Amma riba ba ta ƙaru ba, kuma da tafiya ta yi tafiya sai suka koma gidan jiya. Ga ƙwararru masu manyan takardu, ga kyauta, amma abin bai kama ba.

A ƙasar Kenya kuma, a wata unguwar talakawa ta birnin Nairobi da ake kira Dandora, an gwada wata hanyar daban, aka fitar da sakamako a 2018. Mata ne sababbin shiga kasuwa. Wasu aka sa su aji, wasu kuwa kowace aka haɗa ta da wata mace 'yar unguwar wadda ta daɗe a irin wannan sana'ar kuma ta fi samu. Waɗanda suka je aji ribarsu ba ta motsa ba. Waɗanda aka haɗa da na gaba da su ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari. Da aka bi diddigi sai aka ga yawancin abin da suka ƙaru da shi ilmin cikin gari ne, musamman inda ake samun sari mai sauƙi. Akwai darasi na biyu kuma: da matan suka daina haɗuwa, ƙarin ribar ya riƙa dusashewa.

Maƙwabtanmu na Togo ma sun yi nasu. A birnin Lome an gwada masu ƙananan sana'o'i 1,500 daga 2014. Kashi ɗaya aka koya musu darussan kasuwanci irin na littafi. Kashi na biyu aka horar da su kan himmar kai, watau mutum ya riƙa hango matsala tun ba ta zo ba, ya nemi sabuwar hanya, ya gwada, in ya faɗi ya tashi. Cikin shekara biyu ribar kashi na biyu ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, ta masu darasin littafi kuwa ƙarin bai kai rabin haka ba. Wannan yana nuna ba kowane aji ne aikin banza ba. Ajin da ya sa mutum ya motsa jikinsa a kan tasa sana'ar yana da amfani.

Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai wannan bai ba mu mamaki ba. Ba a taɓa ba mutum takardar malanta don ya haddace littafin hanyoyin koyarwa. Sai an tura shi makarantar ƙauye ya riƙe alli a gaban yara hamsin, wani tsohon malami yana zaune a bayan aji yana rubutu, a tashi ya ce masa ga inda ka yi sauri, ga yaron da ka mance da shi. Gobe a sake, jibi a sake. Gani ya kori ji. Abin da aka yarda da shi a kan malami da direba da ma'aikaciyar jinya, me zai sa a ce mai shago shi kwana uku sun ishe shi?

Kakanninmu da suka kafa Zango ba su yi irin wannan tunani ba. Fataken da ke zuwa Salaga sarin goro tafiyar watanni suke yi daga ƙasar Hausa, kuma ayari yana da tsari: ga madugu, ga jagaba, ga uban dawaki. Yaro yakan bi ubangidansa shekara da shekaru yana kora jaki, yana yayyafa wa goro ruwa, yana tsince ruɓaɓɓe, yana sauraron yadda ake taya kaya, kafin a ba shi ɗan abin da zai juya da kansa. In an sauka gari kuma akwai maigida mai masauki, wanda zai ajiye baƙo da kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba da bashi, a fitar da la'ada. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watsu zuwa Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, suka tafi da wannan tsari, kuma shi ya riƙe cinikin goro da shanu a Zangunanmu har zuwa zamanin iyayenmu. Har gobe kuma da sauransa. Yaron mahauci ba a aji yake koyon kallon sa ya faɗi nauyinsa ba. Haka yaron tela, haka yaran makanikai a Suame Magazin ta Kumasi.

To amma gaskiya ɗaya ce, tsarin namu yana da nasa ciwon, kuma in ba mu faɗa ba wani zai faɗa mana. Maigida da yawa yana koya wa yaro aikin hannu ya ɓoye masa lissafi. Yaro ya yi shekara bakwai a shago bai san inda ake sari ba, bai san nawa ake ci a kan kaya ba. Wani a riƙe shi har ya yi gemu ba a sallame shi ba. Dukiya kuma duk a ka take, ba littafi, ba shaida. Ran da maigida ya kwanta dama, masu bin sa bashi su zo da sassafe, waɗanda yake bi su yi shiru, shagon da aka yi shekara talatin ana ginawa ya ƙare kafin sadakar arba'in. Wane Zango ne bai ga irin wannan ba? Ɓangaren mata kuwa, yarinya tana koyon dama koko da tuyar ƙosai a gindin uwarta, amma ba wanda ya taɓa zama da uwar ya lissafa mata ko wutar da take kwana a gabanta tana biyan ta.

Akwai kuma tsoron ofis da takarda, wanda yake da tarihinsa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, mutanen Zango da yawa suka tafi suka bar shaguna da gidaje, har da waɗanda a nan aka haife su. Wanda ya ga wannan ko ya ji daga bakin ubansa ba a yi masa dariya in ya ce a bar hukuma a inda take. Sai dai yau fiye da shekara hamsin ke nan, mu 'yan ƙasa ne, katin Gana yana aljihunmu, kuma ofishin BAC da harajinmu ake biyan ma'aikatansa. Wanda ya ƙi shiga, rabonsa ya bar wa wani.

Saboda haka abin da muke kira a yi shi ne a haɗa biyun. Jami'in ofis ya zo da ilmin littafi da sanin doka da hanyar samun inji, maigida ko uwar ɗaki ta zo da sanin kasuwa, a ɗaura wa kowane tsohon hannu mutum biyu ko uku masu tasowa a sana'arsa, a sa ranar haɗuwa kowane mako, a yi wata shida ko shekara ana yi. Sai da tsohuwar zuma ake magani. Abubuwan da za a riƙa dubawa a wannan zama kuwa ba su da yawa, mun ƙirga biyar.

Na farko, raba aljihu. Kuɗin sana'a daban, kuɗin gida daban, ko da gwangwani biyu ne, ko layin waya biyu ga masu ajiya a waya. Mai sana'a ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka kullum ko kowane mako, kamar albashi, ya tsaya a kansa. An yi wani gwaji a Ankara da Tema inda aka ba masu ƙananan sana'o'i tallafin sidi 150, wasu a hannu, wasu kuma aka raka su aka saya musu kayan sana'a na wannan kuɗin. A wajen mata, kuɗin hannu bai ƙara riba ba domin yakan zirare cikin hidimar gida, amma kayan da aka saya sun zauna a sana'a, waɗanda cinikinsu ke da ɗan ƙarfi suka ga ƙari. Mun san halin Zango: yau suna, gobe biki, jibi rasuwa, ga anko. Zumunci wajibi ne, sai dai a yi shi daga albashin da mutum ya yanka wa kansa. Wanda ya ci jari yau, gobe shi ne za a yi wa karo-karo.

Na biyu, sanin ainihin abin da kaya suka ci. Bari mu yi lissafi irin na aji. Mu ɗauka wata baiwar Allah ta sari buhun masara a Ejura sidi 500. Ta biya mota 30, ɗauka da saukewa 10, tikitin kasuwa 5, leda 5. Kaya sun tsaya mata 550. Tana sa ran olonka 40, amma bayan an sheƙe, an cire wadda ƙwari suka ci, an yi wa masu saye gyara, 38 ta auna. Ta sayar sidi 16 kowace olonka, kuɗi ya kama 608. In ka tambaye ta za ta ce ta ci 108, domin kuɗin buhu kaɗai take cirewa. Ainihin ribarta 58 ce. A ciki kuma olonka uku bashi aka ɗauka, watau 48, saboda haka 560 ne a hannunta. Ta koma Ejura mako mai zuwa ta tarar buhu ya zama 530, da kuɗin hanya 580. Ga mace ta yi mako tana aiki a rana, tana ganin ta ci riba, amma ba ta iya mayar da buhun da ta sayar. Wannan shi ne abin da ya cinye jarin mutane da yawa a 2022, shekarar da tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Tsadar ta sauko daga baya, amma darasin yana nan: farashin sayarwa da kuɗin sarin gobe ake auna shi. Tsohon ɗan kasuwa ya san wannan a jikinsa, kuma minti goma sun isa ya nuna wa na baya.

Na uku, rubuta bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a ƙauye ba a ciniki sai da shi, musamman kafin kaka. Laifin shi ne barin sa a ka. Mu Musulmi ba mu da uzuri a nan, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ɗan makaranta. Littafin aji mai shafi arba'in ya isa: suna, rana, kaya, kuɗi, ranar biya. A kuma sa iyaka, wanda bai biya na baya ba ba a ƙara masa. Aikin na gaba shi ne ya buɗe littafin nan kowane mako ya tambaya, domin littafin da ba mai dubawa ba ya wuce shafi uku.

Na huɗu, inda ake saye da wanda ake sayar wa. Masu albasa ba su manta da 2023 ba, lokacin da aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli, aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, farashi ya yi sama. Wanda ke da hanyar sari ɗaya tak ya zauna hannu rabbana, wanda ya san manoma a wajen Bawku ya ɗan samu abin juyawa. Ta ɓangaren masu saye kuma, mu dubi wani abin mamaki. Ƙasar nan kaf da sunan Hausa take kiran koko da ƙosai da fura da tuwon zafi, waakye ma daga wake ya samo suna. Amma shiga manyan kantunan Ankara da Kumasi ka ɗauki garin kokon Hausa da aka ƙulla a leda mai tambari, ka karanta sunan mai shi, ka gaya mana sau nawa za ka ga ɗan Zango. Abincin namu ne, sunan namu ne, wasu suka ƙara tsabta da awo daidai da ƙulli mai kyau da lambar hukumar abinci da magunguna, suka tafi da kasuwar. Ba mu ga laifinsu ba. Makaranta ko asibiti ko otal ba sa sayen kaya sai da rasit da rajistar sana'a. A nan ne jami'in BAC ya fi maigida amfani, domin shi ya san ƙofar da ake bi da abin da ake biya.

Na biyar, kuma da gangan muka sa shi ƙarshe, rance. Duk taron da aka yi, tambayar farko ita ce yaushe za a ba da kuɗi. Zuba ruwa a tulun da ke yoyo wahalar mai ɗebowa ce kawai. Wanda bai raba aljihu ba, bai san ribarsa ba, in ya karɓi rance ya sayi rigima. A kuma yi hattara da inda ake kai ajiya. A watan Mayu na 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin kamfanonin ba da ƙananan rance 347, bayan mutane da yawa a garuruwanmu sun riga sun yi kukan kuɗinsu a hannun masu alkawarin riba mai yawa. Bankin karkara, wanda aka buɗe na farkonsa a Nyakrom a 1976, da susu na mutanen da aka sani, sun fi kwanciyar hankali. Asusun akwati da ƙungiyoyin mata ke yi yanzu a ƙauyuka, inda ake zubi mako-mako ana ba juna rance ana rabawa a ƙarshen shekara, a ƙasar Hausa aka fara shi, a jihar Maraɗi ta Nijar a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, da sunan Mata Masu Dubara. Yau ya bazu ƙasashe da yawa. Sirrinsa kuwa shi ne wanda muke ta faɗa: haɗuwa kowane mako, da idon 'yan uwa a kan littafi.

Mun san abin da wani zai ce: don me zan koya wa wanda gobe zai kafa tebur kusa da nawa ya raba ni da masu saye? Tambaya ce ta gaskiya, kuma tana da amsa. A haɗa mutum da wanda ba kasuwarsu ɗaya ba. Mai hatsi na Techiman ya riƙe na Atebubu, tela na cikin gari ya riƙe na ƙauye, su haɗu ranar kasuwa, sauran kwanaki waya ta isar. Sau da yawa ma yaron da ka koya wa shi ne zai zama mai saro maka kaya daga ƙauyensu, ko mai sayen naka. Sa'an nan kada a ce aikin na lada ne zalla. Ladan yana nan in Allah ya so, amma wanda ya bar shagonsa awa biyu ya cancanci kuɗin mota da na goro. Kuɗin ƙyalle da lemo da hayar kujeru na bita ɗaya zai riƙe tsofaffin hannu goma wata da watanni.

Wa zai fara? Ba sai an jira Ankara ba. Sarkin Zango da liman da magajiya da sarkin fawa da shugabannin teloli da direbobi su zauna su rubuta sunaye kashi biyu: waɗanda suka shekara goma a sana'a kuma aka shaide su da amana, da waɗanda ba su wuce shekara uku da farawa ba. A tabbata mata sun sami rabi, kuma mace ce za ta riƙe mace. A ɗauki wannan takarda a tafi ofishin BAC na gunduma tare da ɗan majalisar unguwa, a ce ga mutanenmu, ga abin da muke so. A roƙa a yi horon da Hausa ko da harshen da mutane ke ji, a kauce wa ranar kasuwa da lokacin sallar Juma'a, a yi shi awa biyu-biyu cikin makonni maimakon a cusa shi a kwana uku, kuma jami'i ya riƙa zuwa shago da ƙafarsa. A tambayi asusun raya Zango, wanda aka yi dokarsa a 2017, ko me ya tanada domin irin wannan aiki. Jama'ar da ta zo da tsarinta a rubuce ba a sallamar ta da lemo.

Mu malaman makaranta ma da namu kason. Ɗalibin da ya iya kashi cikin ɗari a allo ya kamata ya iya lissafa ribar tukunyar uwarsa. Babu abin da zai hana mu ba da aikin gida irin wannan: je ka tambayi mai sana'a a gidanku abin da ta kashe jiya da abin da ta samu, ka kawo mana a rubuce. Yaro ya koyi lissafi, uwa ta sami magatakarda, kuma ya tashi yana ganin sana'ar gidansu da daraja. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su ma su taimaka da babin ciniki da bashi da awo, domin yana cikin littattafan da suke karantarwa.

Daga ƙarshe, ga ma'aunin da muke ba da shawara a riƙa auna kowane shiri da shi, na gwamnati ne ko na ƙungiya ko namu na Zango. Kada a gaya mana mutum nawa suka halarta. A dawo bayan shekara a gaya mana shago nawa ke nan a buɗe, nawa ke da littafin da aka rubuta jiya, nawa suka ƙara buhu ko keke ko yaro, kuma 'ya'yan masu shagon nawa ke aji. Duk Zangon da ya gwada wannan tsari, muna roƙo ya rubuto wa wannan fili ta hannun edita ya gaya mana yadda ta kaya, da daɗi ko ba daɗi, domin na wani gari su ƙaru.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya tsare mu da bashin da ba mu iya biya, ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan hanya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.